Yammacin da Sai-a-Hankali Ya Yi Gudu

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na yi gudu a layinmu ba, kuma ko na so in manta mutanen unguwarmu ta Karmo ba za su bar ni ba. Har yau in na ɗan ɗaga ƙafa zan tsallake kwata, sai wani ya leƙo daga shago ya ce, "Baba, lafiya dai? Mu fara kwashe kaya?"

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, in ba haka ba ba za ku ga girman abin ba. Katako nake sayarwa a kasuwar Dei-Dei, kuma tun ina saurayi ba wanda ya san ni da sauri. Sunana na yanka ma ya ɓace a kasuwa, Sai-a-hankali ake kirana. An taɓa yin gobara a rumfar da ke kusa da tawa, kowa ya watse, ni kuwa sai da na naɗe tabarmata, na nemo takalmina na sa, sannan na fito (ban ga amfanin mutum ya tsere wa wuta ya je ya taka ƙusa ba). Ko karatun boko sai da furfura ta fara kama gemuna na shiga ajin manya na yamma a makarantar firamare ta unguwarmu. A ganina ban makara ba, lokacin ne ya yi.

To Allah da ikonsa, sai ya ba mutum irina 'ya mai gudu. Rakiya ke nan, ta uku a 'ya'yana. Tun tana ƙarama in aka aike ta sayen magi, kafin uwarta ta gama yanka albasa ta dawo. Da ta shiga sakandare, malamin wasanninsu da kowa ke kira Koci ya ɗora ta a kan gudun mita ɗari, ya yi shekaru yana horar da ita. Na taɓa zuwa kallo sau ɗaya. Aka busa usur, na sunkuya in ɗauki hulata da ta faɗi, kafin in ɗago an gama, wai Rakiya ce ta ɗaya. Na tafa tare da kowa kamar na gani.

Lokacin sojoji sun koma bariki, Abuja tana ta tashi. Ko ina ka duba gini ne, tifa na wucewa da yashi, katako ba ya daɗewa a rumfa. Amma mu da ke zaune a unguwanni irin namu, wannan tashin yana da wata fuska. In aka wayi gari aka ga jan fenti a bangon gida, an san katafila na hanya. Kowa yana da ƙullin kayansa masu muhimmanci a wuri guda, kowa ya san abin da zai fara ɗauka in an ce 'yan rusau sun iso. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A shekarar ne aka zaɓi Rakiya ta shiga sansanin horo, inda za a tace waɗanda za su je babbar gasar makarantu. Koci ya ce kafin a karɓi kowa sai likita ya duba zuciyarsa. Matata Asabe tana fama da ɗinkin biki a ranar, sai ni na raka yarinyar wani asibiti a cikin gari.

Likitan matashi ne ɗan Arewa, mai fara'a, sai dai in ya faɗi kalma biyu da Hausa ta uku Turanci ce. Ya shafa wa Rakiya wani abu kamar koko a ƙirji, ya ɗora na'ura, sai ga zuciyar 'yata a fuskar talabijin, baƙa da fari, tana buɗewa tana rufewa. Ya auna nan, ya auna can, ya ce komai nomal ne, ya fara bayani. Na bari ya gama tsaf, sannan na ce, "Likita, don Allah maimaita, amma a wannan karon da Hausa."

Ya yi dariya ya gyara zama. Ya ce, "Baba, kana da masu loda maka katako a mota?"

Na ce ina da su.

"Ka ga damtsensu?"

"Kamar an cusa musu doya a hannun riga."

"To zuciya ma tsoka ce. Mai gudun gajeren zango irin Rakiya, duk ƙarfin jikinta take zubawa a lokaci ɗaya. Tsokokin jiki su ɗaure, jini ya yi ƙarfi a jijiya na ɗan lokaci, dole ɓangaren hagu na zuciya ya tura da ƙarfi. In aka yi shekaru ana haka, bangon wannan ɓangaren yakan ɗan ƙara kauri. Masu dogon zango kuwa, su ɗakin zuciyar ne ya fi faɗaɗa, don ya riƙa ɗibar jini da yawa. Na Rakiya kaurin kaɗan ne, bai wuce iyaka ba. Tana matsewa da kyau, tana sakewa da kyau. In tana zaune ma bugunta a natse yake, ba gaggawa."

Na ce to ko a nan dai ta gado ni.

Har mun miƙe za mu tafi sai ya dube ni. Ashe tun shigowarmu ya lura da yadda nake haki saboda matakalar benen. Ya ɗaura mini abin awo a hannu, ya dubi lambar, fara'ar ta ragu. Ya ce jinina ya hau, in dawo a duba ni sosai a ɗora ni a kan magani, in rage gishiri, in riƙa tafiya a ƙafa. Ya ƙara da cewa, "Tafiya na ce fa, Baba. Kada ka ce za ka yi irin na Rakiya."

Na ce, "Ni? Gudu?"

Ni da shi da Rakiya muka yi ta dariya. A hanya na roƙi yarinyar kada ta gaya wa uwarta zancen hawan jinin tukuna, sai na samu lokacin da ya dace (a wurina lokacin da ya dace yakan ɗauki shekara).

Da muka isa gida na tarar da Asabe a kan keke tana ɗinki. Maimakon in ce mata lafiya lau, in tsaya nan, sai son nuna ilimi ya kama ni. Na zauna na gyara murya na ce, "Likita ya ce bangon zuciyarta ya ƙara kauri."

Keken ya tsaya.

Na manta, ko in ce ban yi tunani ba, cewa Asabe tana da ƙane mai suna Isa da ya rasu yana kusan shekarun Rakiya. Ciwon zuciya ne, an ce musu ta kumbura. Ƙafafunsa suka cika, numfashi ya riƙa gagararsa, a zaune yake barci, kuma Asabe ce ta yi jinyarsa har ƙarshe. Na yi ta kawo zancen damtse da masu lodi da ɓangaren hagu, tana kallona kawai. Da na gama ta ce, "Malam, damtse in ya kumbura ana gani a shafa masa man zafi. Zuciya fa, ta ina za ka shafa?"

Na ce mu koma wurin likitan ta ji da kunnenta.

Ta ce, "Na gama zaman asibiti a kan zuciya tun ina budurwa. Gudu dai an gama shi a gidan nan." Ta ci gaba da taka kekenta.

Rakiya ba ta yi musu ba, ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta wanke kambas ɗinta ta tura ƙarƙashin gado. Abinci sai ta juya cokali ta tashi. Koci ya zo har gida ya gaishe mu, ya ce ƙarshen wata za a rufe sunaye, in ba a ji daga gare mu ba wata yarinya za a ba gurbin. Asabe ta kawo masa ruwa da kunun aya, ta yi masa godiya, ta koma kan kekenta.

Na san zan iya cewa ni ne maigida, na yanke. Kuma na san Asabe, za ta ce to, sannan ba za ta ƙara runtsawa ba sai ranar da yarinyar ta dawo. Ban so haka ba. So nake ta yarda da kanta, hankalinta a kwance.

Dabarar a aji ta zo mini. Malamarmu tana da wata ɗabi'a, in ta yi bayani sau biyu ba mu gane ba, ba ta yin na uku, sai ta tashi ta nuna a allo. Ina zaune a kan bencin yara, gwiwata na dukan tebur, sai na ce a raina, ai ni ma na yi wa Asabe bayani ya fi sau biyu. Saura allo. Kuma ni ne allon. In dattijo mai tumbi kamar ni ya yi 'yan makonni yana gudun mita ɗari bai faɗi ya mutu ba, me zai samu yarinya mai jini a jika? Maganar likita kuwa ban manta da ita ba, ajiye ta na yi a gefe, kamar yadda nake ajiye katakon da ya lanƙwashe.

Ranar kasuwa na je wurin 'yan gwanjo na sayi kambas fari mai jan layi. Na kuma tuna yadda na ga Koci yana yi da su Rakiya ranar da na je kallo: a durƙusa, a dafa ƙasa da yatsu, a ɗaga ƙugu, a tashi da duk ƙarfi, in an kai ƙarshe a dawo da tafiya a huta, a sake. Ban ga abin wahala a ciki ba. Rabinsa ma tafiya ce da hutu, kuma a nan ba wanda ya fi ni.

Niyyata in fara a filin makaranta kafin a shiga aji. Bayan la'asar na sa kaftanina da kambas, na saƙale jakar littattafaina a hammata, na tafi. Ina isa na tarar an kafa rumfuna a filin, an jera kujeru, ana biki. Na juyo. Da na iso bakin famfon burtsatse na tsaya na dubi layinmu. A miƙe yake sambal daga famfon, ya wuce ƙofar gidana, har kwalbatin da ke bakin titi. Na ce ai dama don Asabe ta gani nake yi, gara ta fara gani tun yau. Sau ɗaya kawai, ba wanda zai kula.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne, a makon nan aka shafa jan fenti a unguwar da ke bayanmu.

Na tattare kaftani na ɗaure a ƙugu. Na durƙusa na dafa ƙasa da hannu ɗaya, ɗayan na danne jaka. Mama Ladi, wata Bagwariya mai sayar da doya a bakin famfon, ta leƙo ta ce, "Baba, ka yar da kuɗi ne?" Ban amsa ba, mai gudu ba ya magana. Na ɗaga ƙugu. Daidai lokacin wata tifa ta juye tsakuwa a wani gini can bayan gidaje, ƙarar ta cika unguwa. Na ɗauke ta a matsayin usur, na tashi.

Jama'a, na yi gudu. Ban san ina da shi ba. Iska ta shiga kunnena, hulata ta tafi, tumbina yana gaba ina bin sa.

Sai na ji muryar Mama Ladi a bayana: "Sun zo o! Baba Sai-a-hankali ya ɗauki takarda na gida ya gudu!"

Ku duba abin daga wajensu. Ga ƙara kamar ta katafila. Ga mutumin da gobara ba ta sa ya ɗaga ƙafa ba, yana tsala gudu ba hula, da jaka a hammata. Ba wanda ya tsaya tambaya. Mai kemis ya jawo ƙofar shagonsa da ƙarfi. Mai shayi ya rungumi kwalin madara ya bar tukunya a wuta. Wani ya fito daga shagon aski da rabin kai, ƙyallen na wuyansa. Wani ya ɗauko talabijin, wayar na jan ƙasa. Awaki suka shiga, kaji suka shiga.

Ni kuwa ban san abin da ake ciki ba. Maganar Mama Ladi iska ta kwashe rabinta, abin da na ji kawai shi ne ihu da takun ƙafafu masu yawa a bayana. Sai wani tunani ya faɗo mini: mutum yana gudu da jaka a hammata, jama'a na bin sa da ihu, wannan ai sunansa ɓarawo. Na san abin da ake yi wa ɓarawo kafin a tambayi sunansa. Na ƙara wuta. Su kuma da suka ga na ƙara wuta, suka ce lallai abin ya matso, suka ƙara tasu.

Na wuce ƙofar gidana ban ko waiga ba. Ƙirjina ya fara duka kamar ana sassaƙa turmi a ciki, ƙafafuna suka yi nauyi, kwalbatin da nake gani kusa ya koma kamar garin Zuba don nisa. A nan ne na ji wani taku daban a damana, mai sauƙi, mai tsari, ba irin na sauran ba. Na saci kallo. Asabe ce. Ta ɗaure zani a gwiwa, ba takalmi, kan keken ɗinkinta a bisa kai ta dafe da hannu ɗaya. Ta zo daidai ni, ko haki ba ta yi, ta ce, "Malam, ɗaga ƙafa mana."

Ta wuce ni. Ta wuce mai talabijin. Ta wuce wani saurayi da ke buga ƙwallo kullum a filin makaranta. Ita ta fara isa titi.

Ni ban isa ba. Saura kaɗan in kai kwalbatin duniya ta juya, na ga taurari tun rana ba ta faɗi ba, na zube a gindin wani mangwaro. Jama'a suka ratsa ta gefena suka wuce, wani ma ya tsallake ni yana ba ni haƙuri.

A bakin titi suka taru suna jiran katafila. Ba katafila. Motocin haya na wucewa, fasinjoji na kallonsu. Da shiru ya yi yawa suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, suka kewaye ni. Wani ya yayyafa mini ruwan leda. Mai unguwa, dattijo mai sanda wanda shi ma sai da aka goyo shi a babur, ya sunkuyo ya ce, "Malam, ta ina suka ɓullo?"

Na ce, "Su wa?"

"'Yan rusau."

"Ban gan su ba."

"To me ka gani?"

Na dubi fuskokin nan. Ga mai rabin aski. Ga Mama Ladi da doya biyu a hannu, sauran sun watse a layi. Ga wasu mata da ankon biki, ashe labari ya kai filin makaranta, har da mai riƙe da kular shinkafa. Ga Asabe da keke a ka. Na so ƙasa ta buɗe, ba ta buɗe ba. Na so in ce kare ne ya biyo ni, amma ban iya ƙarya da haki ba. Na ce, "Motsa jiki nake yi."

Akuya ɗaya ta yi kuka.

Mama Ladi ce ta fara. Ta ce, "Baba, jiki naka ka motsa, ko namu?"

Sai dariya ta ɓarke. Mai kemis ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki yana cewa, "Oga, kai ne? Kai?" Wani ya buɗe jakar da ake zaton takardun gida ne, ya fito da littafin rubutu da fensir da abin gogewa, ya ɗaga sama kowa ya gani. Mai unguwa ya jira aka lafa, sannan ya yanke hukunci a gaban jama'a: daga yau duk ranar da na yi niyyar gudu, in fara zuwa in sanar da shi, shi kuma zai sa a yi shela. Daga baya na yi yini guda ina bi gida-gida ina ba da haƙuri, amma a ranar sai da na tsince doyar Mama Ladi tas, ina tafe ina dafa bango.

Mutum ɗaya ne a layin nan bai gudu ba. Rakiya. Tana zaune a ƙofar gida tana tsintar wake, ta hango ni tun daga famfo na durƙusa na ɗaga ƙugu, ta gane abin da nake shirin yi. Ta ce ta buɗe baki za ta hana uwarta, kafin ta ce "Umma" an wuce. Wato duk unguwa an yi tsere, mai gudun ce kaɗai 'yar kallo.

Asabe ta juya da kekenta a ka ta koma gida. A gida ma ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta ga yadda nake dafe ƙirji, ta ga har an yi magariba numfashina bai daidaita ba. Da gari ya waye ta sa mayafi ta ce, "Tashi. Wane asibiti ne?" Matar da ta ce ta gama zaman asibiti a kan zuciya, ita ce a gaba, ni da Rakiya muna biye.

Likita ya gan ni ya yi murmushi, ya ce na kyauta da na dawo. Rakiya ta ba shi labari (ba ta rage komai ba, har akuyar). Ya cire tabarau ya goge ido, ya mayar, ya ce, "Baba, me na ce maka?"

Na ce, "Tafiya."

"Me ka yi?"

"Na ɗan ƙara mata sauri."

Ya kwantar da ni ya shafa mini kokon nan mai sanyi. Sai ga tawa zuciyar a talabijin. Ya daɗe yana aunawa. Sannan ya nemo hoton Rakiya na wancan zuwan, ya ajiye kusa da nawa, ya ce wa Asabe, "Hajiya, matso ki gani."

Ya nuna mata bangon zuciyar Rakiya, ya nuna mata nawa. Ko ni da ke kwance na ga bambanci. Ya ce, "Ta yarinyar tana aiki mai ƙarfi na ɗan lokaci, ta huta, ta sake. Shi ya sa ta yi ƙarfi kuma ba ta rasa laushinta ba. In ta bar gudu ma, yawanci wannan ɗan kaurin yakan ragu. Ta Baba kuwa shekaru ta yi tana tura jini a kan hawan jini, ba dare ba rana, ba hutu. Ta yi kauri, ta fara tauri, ba ta sakewa yadda ya kamata ta cika da jini. Shi ya sa matakala ke ba shi wuya."

Asabe ta ce, "Wato shi da bai taɓa gudu ba, tasa ta fi kauri?"

"Sosai."

"Hawan jini kuma tun yaushe?"

Likita ya dube ni. Ni kuma na dubi silin.

Ya ce, "Na gaya masa ranar da suka zo."

Ta gyaɗa kai a hankali, irin gyaɗawar da ke nufin za mu yi maganar a gida. Sannan ta ja kujera ta zauna, ta ba likita labarin Isa tun daga farko. Ban taɓa jin ta ba da shi haka ba. Bai katse ta ba. Ya tambaye ta ko Isa ya yi fama da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi yana yaro. Ta ce ƙwarai, kusan duk shekara. Ya ce bai ga Isa ba, don haka ba zai rantse ba, amma ga alama irin ciwon nan ne da ke lalata ƙofofin cikin zuciya, kuma ba gudu ke kawo shi ba. Ya sake nuna mata ƙofofin zuciyar Rakiya suna buɗewa suna rufewa lafiya. Ya ce ta yi daidai da ta faɗa, don akwai ciwon zuciya na gado da ke ɓoyewa a jikin 'yan wasa, kuma shi ake nema in ana irin wannan hoton. Bai ga alamarsa ba. Amma a riƙa kawo ta duk shekara, kuma in ta taɓa suma ko ta ji ciwon ƙirji tana gudu, a tsayar da ita a kawo ta nan take.

Asabe ta daɗe tana kallon hotunan biyu. Ni dai ina kwance rigata a naɗe, koko na bushewa a ƙirjina. Na so in zama allo, na kuwa zama, sai dai a gefen da ake nuna kuskure aka rubuta ni.

Muka shiga motar dawowa, har muka wuce rabin hanya. Sai Rakiya ta ce, "Umma, ina kika koyi ɗaga gwiwa haka?"

Asabe tana kallon taga ta ce, "A firamare har maza nake wucewa. Da Isa ya kwanta na bari." Ta juyo ta dubi Rakiya. "In mun je gida ki ciro kambas ɗin nan ki shanya, ƙarƙashin gado akwai sanyi. Ki kuma gaya wa Kocinku ina son ganinsa."

Rakiya ta tafi sansanin, ta je gasar, ta zo ta biyu. Asabe ta je kallo, aka ce ana busa usur ta miƙe tsaye, kuma da ba a riƙe mayafinta ba da ta shiga fili. Ni ma na je, na bar hula a gida don kada a maimaita.

Yanzu ina shan maganina kullum, miyata ba gishiri sosai, kuma Asabe ce ke riƙe da lissafin ranar komawa asibiti. Kambas ɗin yana nan, da shi nake tafiya aji da yamma, daga famfo zuwa makaranta, a hankali, ina gaisawa da kowa don a ga hankalina a kwance yake. Abin da na koya shi ne, mutumin da ya shekara hamsin yana tafiya sannu ba shi da ikon yin gudu ba sanarwa, don jama'a sun riga sun mai da shi ma'auni. Na kuma daina cewa Rakiya ba ta gado kowa ba. Na ga inda ta gado, ya wuce ni da keken ɗinki a ka.